Ku Tambaya Mu Amsa: Bincike da Murya a Manhajar Koyon Harsunan Arewacin Turai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokaina biyu mun haɗa ƴar manhajar waya ta koyon harshen Suwidin da na Norwe. Galibin masu sauke ta matan aure ne da mazajensu ke can, sai ɗalibai masu neman ƙaro karatu. Suna farawa da ɗoki, amma kafin mako biyu sai ka ji su tsit. An ba mu shawarar mu sa bincike da murya, mutum ya faɗi kalma manhaja ta nemo masa. Zai riƙe su, ko asarar kuɗi ce? Daga wani mai karatu a unguwar Bukoki, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zai riƙe su idan kun gina shi yadda zai yi haƙuri da bakin Bahaushe. Idan kuka ɗora shi yadda ya zo daga masu shi, zai ƙara korar su ne.

Ku fara sanin ciwon da yake magani. Bahaushe ya saba abin da kunne ya ji shi hannu ke rubutawa, harshen Suwidin kuwa bai san wannan ba. Akwai wani sauti nasu mai kama da hucin iska, tsakanin "sh" da "h", wanda ake rubutawa *sj* a *sju*, wato bakwai, *skj* a *skjorta*, riga, *stj* a *stjärna*, tauraro, da *sk* a *sked*, cokali. Matar da mijinta ya turo mata saƙon murya ta ji wata kalma, ta riƙe ta a kunne sarai, amma ba ta san harafin da za ta fara dannawa ba. Ga kuma å da ä da ö, ko æ da ø na Norwe, waɗanda sai an danne harafi an riƙe kafin su fito a allon rubutun Faransanci. Ta gwada sau uku ba ta samu ba, sai ta rufe. A wannan gaɓar ce murya ke da amfani.

Tarkon yana wurin injin da ke mayar da magana rubutu, domin da muryoyin ƴan ƙasa aka horar da shi. Hausa ba ta raba *p* da *f*, kuma a Adar da Arewa *f* ɗin ma *hw* ko *h* take fitowa. Sai *far*, wato uba, ta rikice da *par*, abu biyu masu tafiya tare. Ba mu da *v*, saboda haka a harshen Norwe *vil*, yana so, takan fito *bil*, mota. Baƙaƙe biyu ko uku a farkon kalma sai mun cusa musu wasali, *skola* ta koma "sukola". Wasulanmu biyar ne, na Suwidin tara. Wanda ya yi lakol da Faransanci yana da sauƙi, don ya riga ya mallaki *p* da *v*, kuma *u* da *eu* na Faransanci suna kusa da *y* da *ö*. Amma kada ku gina manhajar a kan ƴan lakol kaɗai, yawancin matan da kuka ambata ba su ne ba.

Abu na farko, ku ɗaure harshen da hannunku, ku ba injin lambarsa: sv-SE na Suwidin, nb-NO na Norwe. Kada ku bar injin ya cinki harshe da kansa, don kalma guda daga bakin ɗan koyo ba ta ishe shi ganewa ba. Na biyu, kada ku karɓi amsa ɗaya. Na'urar gane murya ta Android tana iya dawo da jerin abin da take zato, ku nemi biyar. Ku ɗauki biyar ɗin ku gwama su da kalmomin da ke cikin darussanku, bayan kun rubuta teburin musanyar da Bahaushe ke yi: p da f da h, v da b, ö da o da e, y da i da u, da wasalin da ake cusawa tsakanin baƙaƙe. Daga nan ku nuna kalmomi uku, kowace da hoto da maɓallin saurare, mutum ya zaɓi wadda kunnensa ya gane. Allon da zai fito fayau da "ba a gane ba" shi ne babban mai kora; wanda aka ce wa haka sau biyu a gaban mutane ba ya sake buɗe baki.

Sai nahawu. Waɗannan harsuna suna liƙa alamar abin da aka riga aka sani a wutsiyar kalma, *bil* ta zama *bilen*, *hus* ta zama *huset*, kamar yadda muke cewa mota da motar, gida da gidan. Mai koyo zai faɗi siffar da ya ji, don haka dole bincikenku ya mayar da ita tushe. Suna kuma haɗe kalmomi: *sjuk*, mara lafiya, da *hus*, gida, su ne *sjukhus*, asibiti. Ɗan koyo yakan ja numfashi a tsakiya, injin ya rubuta kalma biyu. Ku sa manhajar ta gwada haɗe su kafin ta ce babu.

Batun rezo da forfe ba ƙarami ba ne a nan. Murya ɗanya, wadda aka ɗauka a kilohaz 16 (ma'aunin ingancin ɗaukar sauti), tana cin kilobayit 32 a daƙiƙa guda, wato 160 a daƙiƙa biyar. Idan kuka matse ta da Opus, wani tsarin rage nauyin murya, a kilobit 16 (kilobayit 2) a daƙiƙa, daƙiƙa biyar ɗin ba za su wuce kilobayit 10 ba. Whisper, injin mayar da magana rubutu wanda kamfanin OpenAI ya saki kyauta a 2022, yana iya aiki a cikin wayar ba tare da intanet ba, amma mafi ƙanƙantarsa kusan megabayit 75 ne kuma shi ya fi yawan kure, na uku a jerin girma kuwa ya haura megabayit 460, nauyin da ƙaramar waya ba za ta ɗauka ba. Ɗakunan karatu na ƙasa a Suwidin da Norwe sun ƙara horar da shi a kan harsunansu, suka fitar da KB-Whisper da NB-Whisper. Waɗannan suka fi dacewa ku ɗora a kan sabarku, wato kwamfutar da manhajarku ke tuntuɓa ta intanet. Ku sani Whisper yakan ƙirƙiro jimla idan ya ji shiru ko hayaniya. Maganinsa maɓallin da ake dannewa a yi magana a saki, kamar na WhatsApp, wanda kowa ya riga ya iya. Kuma ku fita da wayar ku gwada ta a fada ana shan shayi, da bakin Katako kabu-kabu na wucewa, don a irin wuraren nan za a yi amfani da ita.

Duk wannan samun kalma ne kawai. Abin da ke dawo da mutum gobe shi ne kalmar da ya nema da bakinsa ta shiga akwatinsa na bitar kalmomi, ta dawo masa bayan kwana 1, sai 3, sai 7, sai 14, sai 30, in ya manta ta koma farko. Kalmar da mace ta nema don ta gane saƙon mijinta ta fi zama a ranta bisa ga kalma ashirin da kuka jera mata. Saƙon tunatarwar da manhaja ke turo masa ma ku sa kalmar a ciki, sau ɗaya a yini.

Don ku san ko kuɗinku ya yi aiki, ku raba sabbin shiga gida biyu, rabi da murya rabi babu, ku ƙirga waɗanda suka dawo a rana ta 7 da ta 30. Ku kuma ƙirga sau nawa aka nuna zaɓi uku mutum bai taɓa ko ɗaya ba. Duk kalmar da ta yawaita a wannan jeri, teburinku ne ke da giɓi. In za ku ajiye muryoyin mutane don gyara, ku nemi yardarsu a fili da Hausa, ku tuntuɓi hukumar HAPDP mai kula da bayanan sirrin jama'a. Murya amana ce, balle ta matan aure.

Tambaya: Ni malamar asibiti ce a Tawa, ina koyon harshen Suwidin. Idan na faɗi jimla waya ta rubuta ta daidai, furucina ya yi ke nan?

Amsa: A'a, malama, bai kai shaida ba. Aikin injin shi ne ya cinki abin da kike nufi, kuma yana jingina da kalmomin da ke kewaye. In kin ce "na gode" a ƙarshen jimla zai rubuta *tack* ko da bakinki *tak* ya faɗa, wato rufin ɗaki.

Amma Hausarki ta ba ki jari babba. Kin san bambancin gari na mutane da garin tuwo, jan wasali ne kawai. Haka *tak* da *tack*, haka *glas*, gilashi, da *glass*, askirim: baƙi ɗaya a bayan wasali, a ja wasalin, baƙi biyu, a gajarta wasalin a danne baƙin. Kin kuma san kukan yaro da kukar miya, karin murya ya raba su. Suwidin ma tana da kari iri biyu, *anden* da kari ɗaya agwagwa ce, da ɗayan ruhi. Bafaranshe yana wahala kafin kunnensa ya kama wannan, ke kuwa da shi kika tashi.

Ki riƙa faɗin kalma ita kaɗai, ba cikin jimla ba, don injin ya rasa majingina. Ki zaɓi kalmomi biyar a yini, ki saurari furucinsu a ƙamus ɗin svenska.se, ki ɗauki muryarki, ki saurari biyun a jere sau uku. Labaran Radio Sweden na sauƙaƙƙen harshe za su saba wa kunnenki da karin jimla. A aikin jinya ki fi tsananta wa lambobi: *sju*, bakwai, da *tjugo*, ashirin, sautinsu na farko daban ne, kuma ma'aunin magani ba ya son kusan.

Tambaya: Manhajar da aka gina don harshen Suwidin za ta yi aiki da na Danmak da Finlan? Daga wani ɗalibi a Jami'ar Djibo Hamani, Tawa.

Amsa: Gangar jikin za ta yi, ɗan'uwa, amma teburin musanya da nahawu sai an sake. Harshen Danmak ya fi kowanne buƙatar murya, kuma shi ya fi ba injin wahala, don suna haɗiye baƙaƙe. *Hun*, ita, da *hund*, kare, ɗan tsukewar maƙogwaro ne ya raba su, kusa da wanda muke yi a sa'a. Norwe tana da hanyar rubutu biyu, Bokmål da Nynorsk, kuma kowane yanki da karinsa yake magana har a rediyo: "ni" tana fitowa *jeg* ko *eg* ko *æ*, duka sai su kai mai nema wuri guda.

Harshen Finlan ba danginsu ba ne ko kaɗan. Yadda ake faɗa haka ake rubutawa, kamar Hausa: *tuli* wuta, *tuuli* iska, *tulli* duwan. Can wahalar tana wutsiyar kalma, domin suna yana da siffofi 15, kuma tushen kansa yana canjawa. *Katu* titi ne, amma "a kan titi" *kadulla* ce, saboda haka manhajar da ba ta iya mayar da *kadulla* zuwa *katu* ba za ta ce wa ɗalibi babu kalmar, alhali ya faɗe ta daidai.