Tumɓuke guda ka duba saiwar kafin ka taɓa yuriya

Na ga hoton da ka aiko, na kuma saurari saƙonka. Ka ce yau kwana 20 da ka zuba irin tumatir a fangali biyu can bakin Gulbin Maraɗi, ya tsiro lafiya, amma tun da ya yi ganye biyu ya tsaya cak, ganyen ya soma rawaya, alhali kana ba shi ruwa safe da yamma. Sai ka ce, "Baba, ko in watsa masa yuriya?"

Kada ka watsa, ɗana. Ɗaure bakin buhun nan ka ajiye. Da niyyata sai mun haɗu ranar Juma'a in ba ka amsa, amma wannan magana ta yuriya ta fama mini wani miki da har yau bai warke ba.

Wata shekara, ƙarshen damina, wani Alhaji mai babbar garka wajen Jiratawa ya ba ni aikin reno. Dashen tumatir yake so wanda zai cika masa fili, ya ba ni kafin alƙalami jaka 60, sauran sai na kai kaya. A lokacin duk wanda ke son dashe mai ƙwari daga Tibiri har Madarumfa ƙofata yake zuwa. Takin da na tara ya kasa, lokaci kuma ya ƙure. Akwai wani mai amalanke da na sani shekara da shekaru, mutumin da ya sha fura a gidana ba sau ɗaya ba, ranar sunan ɗansa ni na saya masa goro. Ya rantse mini cewa yana da ruɓaɓɓen taki wanda damina biyu ta daka. Ya kawo amalanke shida. Na sa hannu a saman na farko, na ji shi baƙi, sanyi, yana marmashewa kamar garin ƙuli. Ban tona ƙasan ba, don ban zaci mutumin da ya ci abincina zai cuce ni ba.

Iri ya tsiro kamar naka, gwanin sha'awa. Mako biyu, sai ya tsugune. Da rana ta take sai ya yi laushi kamar mai ƙishirwa, ga ƙasa kuwa jiƙe sharkaf. Na ƙara ruwa. Bai motsa ba. Na jiƙa yuriya na zuba, kwana uku bakin ganye ya ƙone. Har aka shiga mako na biyar ina ta fama da ganye, ban tumɓuke ko guda ba, don ina jin tausayin iri mai tsada. Ranar da na tumɓuke, sai na ga saiwar duk ƙulli-ƙulli, kamar an jera 'ya'yan carbi a zare. Na naɗe a tsumma na kai wa malaman gona na cibiyar binciken noma ta Tarna. Wani ya duba ya ce tsutsar ƙasa ce wadda ido ba ya gani, tana shiga saiwa ta kumbura ta, shuka ta kasa jan ruwa da abinci ko da a cikin tafki take.

Daga baya na gano asalin takin. Ƙasar wata tsohuwar garkar kuɓewa ce da mai ita ya gudu ya bari saboda wannan ciwo. Mai amalanken nan ya kankare ta, ya gauraya da ɗanyen kashin awaki da toka, ya rufe sama da taki mai kyau kamar kauri tafin hannu. Alhaji ya zo ya tsaya kan fangali, bai ce mini uffan ba, ya juya. Washegari ya aiko a karɓi kuɗinsa. Bijimin da nake turke don auren 'yata shi na kai kasuwa. Kuɗin ma da sauƙi. Wurin nan sai da ya shekara uku ban sa tumatir ba, gero da albasa kawai nake juyawa. Mai amalanken kuwa yana nan, in mun yi kiciɓis a babbar kasuwa har hannu yake miƙo mini. Ina amsa sallama don hakkin Musulunci ne, amma na bar shi da Allah, ban yafe ba.

To kai ma ka je gobe da sassafe, ka sa wuƙa ka ɗago guda biyar daga wurare daban-daban, da ƙasarsu, ka wanke a kwano. Saiwa mai lafiya fara ce tas, mai gashi-gashi. In ka ga ƙulli, wannan reno ya tashi aiki. Kada ka dasa shi, kada ka sayar wa kowa, don ciwon za ka kai gonar mutane. Tumɓuke duka ka ƙone. Sabon fangali ka yi shi inda aka noma gero ko dawa, ba inda aka taɓa sa kuɓewa ko yalo ko tattasai ba, ka tara kara a kai ka cinna wuta kafin ka zuba iri. Tsohon wurin, in bazara ta yi, Afrilu zuwa Mayu, ka jiƙa shi sosai ka lulluɓe da farar leda mako shida, rana ta dafa ƙasar.

In saiwar ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, tana saɓulewa a yatsa, ko gindin karan ya tsuke kamar zare, to kai ne ka kashe shi da ruwa. Kuma ni abin da nake zargi ke nan, don a hotonka na hango kore-kore a saman ƙasar. Ƙasar fadama ba jigawa ba ce, tana riƙe ruwa. Wa ya ce maka dole sai safe da yamma? Yatsa ne ke faɗa. Tura shi gaɓa biyu, in ka ji danshi ka ajiye buta ka tafi harkarka.

Sannan cunkoso. Abin da na gani a hoton nan ba reno ba ne, gashin kai ne. Kun ɗauki iri ku watsa kamar masu shukar alayyafo. Layi ake ja, tsakanin layi da layi faɗin tafin hannu, in ya fito a rage. Ka rage shi yanzu, kowane tsiro ya sami kamar yatsa biyu tsakaninsa da ɗan'uwansa. Ciyawar da ka rufa kuma tun ranar da ya tsiro ya kamata ta tashi, wannan ko yaron goye ya sani, ba zan ɓata bakina ba.

Ka girgiza ganyen ka gani. In wasu 'yan fararen ƙwari suka tashi kamar gari, ganyen sama kuma ya ƙanƙance yana naɗewa sama kamar cokali, cutar da suke ɗaukowa ce, ba ta da magani. Wanda ya kamu a cire, sauran a kafa musu tsohon gidan sauro. In kuwa bayan ganyen ya yi shuɗi-shuɗi mai ja, sau da yawa sanyin dare ne, hunturu ya kan riƙe tsiro, da rana ta ɗan yi zafi zai saki.

Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu, kowa waya a hannu, a ɗauki hoton ganye a tura wa mutum ashirin, kowa ya faɗi sunan magani, a ruga kanti. Babu mai son durƙusawa ya sa hannu a ƙasa. Ni shekara bakwai na yi ina jan guga a garkar maigidana kafin ya yarda in taɓa gwangwanin iri. Kai wata huɗu ka yi wurina ka ce ka iya. Tumatir mai lafiya kwana 25 zuwa 30 ya isa dashe, da ganye huɗu ko biyar, kara kamar kaurin tsinken ashana biyu. Naka ya makara, amma in saiwar fara ce zai kamo, kuma sai a lokacin za mu yi maganar taki, shi ma ɗan kaɗan, a jiƙe, nesa da ganye.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ka biyo gida da guda biyar ɗin a jiƙaƙƙen tsumma. Ka ɗebo mini takin da ka sa, daga ƙasan tsibin ba daga sama ba, kuma ka zo da sunan wanda ya sayar maka.