Sauro ya zama gama-gari: amsoshin likita ga masu karatu

Tambaya daga wani mai sayar da tsofaffin tayoyi a kasuwar Katako ta Yamai: Likita, ɗana da ke Faransa ya ce sauro ya addabe su. Ashe har ƙasashen sanyi yana zuwa?

Amsa: Alhaji, yaronka bai yi ƙarya ba, kuma irin hajarka tana da hannu a lamarin. Akwai wani baƙin sauro mai ratsin fari a ƙafafu, ɗan asalin kudu maso gabashin Asiya, wanda ƙwansa ke mannewa a cikin taya ya yi watanni a bushe bai mutu ba, sai ranar da ruwa ya taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Ta cinikin tayoyi ya shiga Amurka, inda aka gano shi a 1985, aka gan shi a Italiya a 1990, ya isa kudancin Faransa a 2004, kuma ƙaruwar ɗumin yanayi tana ba shi wurin zama. Ka leƙa cikin tayoyinka bayan an yi ruwa. Ƴan tsutsotsin da ke wutsil-wutsil a ciki ƴaƴan sauro ne, cikin kamar mako guda za su tashi. Ka zubar da ruwan, ka lulluɓe kayan da tamfol.

Tambaya daga wata uwa a Harobanda: Ɗiyata tana masassara da ciwon gaɓoɓi, amma an gwada jini an ce ba zazzaɓin cizon sauro ba ne. In sayo mata maganinsa duk da haka?

Amsa: A'a, ƴar'uwa. Ba kowace masassarar damina ce wadda muka saba da ita ba. Zazzaɓin dengi, wanda ya kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso a 2023, shi ma sauro ne ke kawo shi, kuma wannan magani ba ya yi masa komai. Ki ba ta ruwa sosai da farasitamol, ki guji asfirin da ibuprofen domin suna iya jawo zubar jini, sannan ki mayar da ita asibiti. Idan kika ga jini a dasashi ko hanci, ko amai ba tsayawa, ko ciwon ciki mai tsanani, kada ki jira gari ya waye.

Tambaya daga wani ɗalibi a Yantala: Kwana cikin sange ya wadatar?

Amsa: Ɗana, kada ka bar shi, domin sauron maleriya da dare yake cizo. Na dengi kuwa da rana yake farauta, musamman da hantsi da kuma la'asar, kuma a buɗaɗɗiyar randa ko duro yake hayayyafa, don haka sai an haɗa da rufe su da wanke su duk mako.