Na kai aikina wata kwamfuta, hotuna da sauti duk sun ɓace

Tambaya: Malam, ina haɗa tallace-tallace masu motsi da manhajar After Effects. Na kwafi fayil ɗin wani aiki a filash na kai wa abokin aikina ya ƙarasa. Da ya buɗe sai ya tarar da ratsin launuka a wurin hotuna da bidiyo, sauti ma babu. A kwamfutata kuwa komai lafiya lau. Fayil ɗin ne ya lalace?

Amsa: Kwantar da hankalinka, fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau. Rabin kayan ka kai, ka bar rabi a baya.

Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .aep ba ya ɗauke da bidiyo ko hoto ko sauti a cikinsa. Abin da yake riƙewa shi ne tsarin aikinka, wato motsin da ka yi, lokacin kowane abu, da adireshin inda kowane kaya yake a faifan kwamfutarka. Shi ya sa za ka ga aikin da kayansa suka haura gigabait 20, amma .aep ɗinsa bai wuce 'yan megabait ba. Da abokinka ya buɗe, manhajar ta bi adireshin wani hoto, misali tambarin kamfanin da ka bari a Downloads, ba ta same shi a can ba, sai ta sa ratsin launukan nan ta riƙe masa wuri. Ko a kwamfutarka haka za ta yi in ka canza wa hoto suna ko ka matsar da shi.

Maganin na yau yana cikin manhajar. Buɗe aikin a kwamfutarka, shiga File, sai Dependencies, ka zaɓi Collect Files. Za ta kwafo duk kayan da aikin ya jingina da su ta zuba a sabuwar folda, tare da sabon .aep da ya san inda suke. Foldar nan gaba ɗayanta za ka kai.

Sai dai akwai abu biyu da ba ta kwasowa, kuma nan ne mutane suka fi shan wahala: nau'in haruffan da ka yi rubutu da su, da ƙarin kayan aikin wasu kamfanoni da ka ɗora wa manhajar. Tana dai rubuta sunayensu a wani ɗan rahoto da take ajiyewa cikin foldar. Ka karanta rahoton nan, don Allah. In abokinka ba shi da haruffan, manhajar za ta musanya da wasu, rubutun da ka auna daidai ya zarce gefen allo, kuma sau da yawa ba a lura sai bidiyon ya isa hannun mai aiki, wato wanda ya ba ka kwangilar. Ka kuma tambaye shi wane zubin After Effects yake da shi, domin tsohon zubi ba ya buɗe aikin da aka adana da sabo, sai an yi masa kwafi na musamman ta Save As.

Idan aikin ya cika da tarkacen gwaji, Remove Unused Footage zai cire abin da ba a yi amfani da shi ba kafin a tattara. Reduce Project ya fi shi yanka, kuma ni ba na taɓa shi sai a kan kwafi, don yana iya share abin da wata lambar umarni da ka rubuta cikin aikin kaɗai take kira da suna.

In kuma an riga an kai aikin, ka kai wa abokinka kayan da aka bari, sai ya danna sau biyu a kan sunan fayil ɗaya da ya ɓace ya nuna inda yake. Sauran da ke tare da shi galibi manhajar kan gano su da kanta.

Abin da na fi so ka ɗauka shi ne tsari tun ranar farko. Kowane aiki da foldarsa guda. A ciki ka ware wurin fayilolin .aep, wurin bidiyo, hotuna, sauti, da wurin abin da ka fitar. Duk abin da mai aiki ya turo, ka fara kwafe shi cikin foldar kafin ka shigar da shi manhaja. Kada ka taɓa jawo kaya kai tsaye daga filash ko Desktop.

Suna ma aiki ne. Ka daina "na ƙarshe" da "na ƙarshe na gaske", ka koma lamba: talla_01, talla_02. Increment and Save yana ƙara lambar da kansa, don haka ranar da mai aiki ya ce na makon jiya ya fi masa, kana da shi a hannu. Adanawar da manhajar take yi da kanta kuwa tsofaffin kwafi take takewa da sababbi, kuma yawanci a faifai ɗaya take da aikin. In faifan ya mutu, tare za su tafi. Saboda haka duk ranar da ka taɓa aikin, ka kwafi foldar zuwa wani faifai na daban kafin ka kashe kwamfuta.