Amsa: Kwamfuta ta ƙi ba da 1080p a kan doguwar wayar HDMI

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce wayarka ta HDMI, mai kai hoto da sauti, mita 20 ce, daga kwamfuta zuwa talabijin ɗin gidan kallonka a Kawo, hoto na fita lafiya a 720p amma da ka ƙara ingancin hoton zuwa 1080p sai allo ya riƙa ɗaukewa. Ina kyautata zaton kwamfutarka lafiyarta ƙalau, wayar ce ta gaza.

Dalili kuwa, 1080p a 60Hz (wato hoto 60 a kowace daƙiƙa) yana tura bayanai ninki biyu na 720p, megahaz 148.5 maimakon 74.25. Wayar HDMI ta gama-gari kuma daga mita 10 zuwa 15 sigina yake fara raunana, balle irin siririyar nan mai araha.

Kafin ka kashe ko kwabo, ɗauki kwamfutar ka kai ta gindin talabijin, ka haɗa da gajeriyar waya. In 1080p ya zauna, magana ta ƙare, laifin doguwar wayar ne. Sannan ka mayar da doguwar, ka rage zuwa 30Hz. Sau da yawa hoton zai tsaya, sai dai gaskiya ga ƙwallo ban so hakan ba, motsi ba ya santsi.

Ni shawarata, ka nemi akwatunan nan biyu, ɗaya a wajen kwamfuta ɗaya a wajen talabijin, masu ɗaukar HDMI a kan wayar Cat6 (irin wayar haɗa intanet), suna kai mita 50. Ko ka sayi HDMI mai faiba, amma ka kula, tana da kai da gindi: ɓangaren kwamfuta daban, na talabijin daban, in ka juya ba za ka ga komai ba. Kuma don Allah kada ka ɗaure ta tare da wayar janareta.