Wai wane ne tsohon nan mai jan kaya?

TAMBAYA: Anti, daga Mabera nan Sakkwato nake, duk 25 ga Disamba, ranar Kirsimeti, maƙwabciyata na aiko mana jalof da kaza da cincin, to yara sun ishe ni da tambayar tsohon nan mai farin gemu, wane ne shi?

AMSA: 'Yar'uwa, Santa Claus ake ce masa, asalinsa wani bishop ne, wato babban malamin coci, mai suna Nikolas, na garin Mira a Turkiyya ta yanzu, ƙarni na 4, mutum ne mai kyauta a ɓoye, har ana ba da labarin cikin dare ya jefa jakar zinari gidan wani talaka don ya samu aurar da 'ya'yansa mata uku, gaskiya wannan labarin na taɓa min zuciya. Shi kuwa keken da ake nuna shi a kai, wanda barewa ke ja cikin ƙanƙara, a Amurka aka ƙara masa, ƙarni na 19.