Amsar muryar Alhaji kan batirin Hilux da ke mutuwa da wuri

Assalamu alaikum jama'ar gida. Alhaji, ranka ya daɗe, na saurari muryarka tun da safe, aiki ne ya riƙe ni a gareji sai yanzu bayan la'asar na samu zama. Ka ce Hilux ɗinka mai shan gas ta cinye batir biyu cikin shekara ɗaya, na uku ma ya fara, da safe sai an tura ko an kawo wani batirin an haɗa. To don Allah kada ka sayi na huɗu tukuna. Motar da ta kashe batir biyu a jere, akwai abin da ke kashe su a jikinta, kuma duk wanda ka ɗora hanyar zai bi.

Ka samu mita, irin 'yar ƙaramar nan ta masu riwaya, ko ka kira mai riwayar ya zo har gida da sassafe kafin a taɓa makulli. A ɗora a kan batirin. Lafiyayye da ya kwana cike zai nuna bolt 12.6. In ka ga 12.2, rabinsa ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa ya zube. Sai wani ya yi kik kai kana kallon mitar. Za ta sauka, dole ne, amma kada ta gangara ƙasa da 9.6. Injin gas matsinsa ya fi na fetur nesa ba kusa ba, ga hita, wato abin da ke ɗumama cikin injin, tana jan wuta kafin ma ka murɗa, shi ya sa batirin da zai tashi Corolla lafiya lau sai ya durƙusa a Hilux. Ka duba ma girman da aka sa maka. Na sha ganin an ɗora wa motar gas batirin ƙaramar mota saboda sauƙin kuɗi.

In ta tashi, a sake awo inji na aiki. Altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, in tana da lafiya tana ba da tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Ka kunna fitilu da esi, ka ga ko za ta riƙe. In tana yawo wajen 13 ko ƙasa, ba ta cika batirin, wataƙila fambel ne ya saki, wataƙila ita kanta ce. In kuma ta haura 15, to dafa shi take yi. Za ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai in ka buɗe bonet, gefen batirin ya kumbura, ruwa yana ƙarewa kullum. Wannan ya fi saurin kisa, balle a zafin Afrilu da rana ke wuce 40, ga zafin inji a kai.

Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka yarda wani ya cire kan batir inji na aiki wai yana gwada altaneta. Tsohon yayi ne na motocin da. Taka mai ƙwaƙwalwa ce, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, wutar za ta iya yin tsalle ta ƙona ta, kuɗinta kuma ya ninka na batir sau da yawa.

Yanzu inda na fi zargi, tunda ka ce da rana tana tashi lafiya, sai ta kwana take ƙi. Wannan alamar ɓarawon wuta ce. Gwajin farko ba ya buƙatar ko sisi: yau da daddare in ka faka bayan doguwar tafiya, ka kwance kan batir na baƙar waya, ka bar shi a gefe. Gobe ka mayar ka yi kik. In ta tashi garau, batirinka lafiyarsa ƙalau, wani abu ne ke tsotsarsa cikin dare. In ta ƙi, shi kansa ya riga ya gama, ba ya riƙe caji.

Kamo ɓarawon sai da mita. A kashe komai, a rufe ƙofofi, a jira kamar minti 30 motar ta yi barci, sannan a saka mitar tsakanin baƙar waya da kan batirin, a wurin awon amfiya. Kada a yi kik a haka, mitar za ta ƙone. Abin da ya dace motar ta ja bai wuce amfiya 0.05 ba. In ya fi, sai a dinga zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Watan jiya aka kawo mini wata a-kori-kura haka, tana jan rabin amfiya tana tsaye. Ka lissafa, rabin amfiya sau awa 24, amfiya-awa 12 ke nan a kwana ɗaya da yini, in ta yi kwana uku ko huɗu a fake shi ke nan. Na zare fiyus duka, lamba ba ta motsa ba. Da na leƙa ƙarƙashin sitiyari da tocila sai ga wata siririyar jar waya an naɗe ta da salatif, an ja ta kai tsaye daga batir zuwa na'urar bibiyar mota da wata tsohuwar amfilifaya da mai motar ma ya manta da ita. In fiyus bai nuna komai ba kuma babu irin wannan haɗin, a cire babbar wayar altaneta. Dayod ɗinta, wato abin da ke hana wuta komawa baya, in ya lalace wuta komawa baya take yi cikin dare, alhali da rana tana caji kamar ba komai.

Sauran ƙanana ne amma ka duba. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir, a wanke shi da ruwan ɗumi da sodar girki (baking soda), a kankare, a ɗaure tamau. Wayar at, wato baƙar wayar da ke zuwa jikin inji, ita ma a kwance a goge. Sannan ƙarfen da ke riƙe batirin, yana nan kuwa? Kai da kake shiga hanyar gona mai gargada, batirin da aka ɗaure da roba yana tsalle, farantan cikinsa zubewa suke yi. In mai buɗewa ne, ruwan batir tatacce kawai ake ƙarawa, ban da na leda, ban da asid.

Ka turo mini lambobi uku ɗin nan gobe in Allah ya kai mu, na safe, na lokacin kik, da na inji yana aiki, tare da hoton saman batirin inda aka buga girmansa da ranar da aka yi shi. Daga nan zan gaya maka abin da za a kwance. A gaida iyali.