An ce na girmi ɓangaren yara, ga kuma maganar aure ta taso

Anti, shekarata 19. Ina 'yar shekara tara likitar yara ta gano ina da lalurar Turner. Ita ta hana ni tsayi, al'ada ma sai da aka ɗora ni kan magani ta zo. Duk shekarun nan Umma ce ke magana da likita, ni dai nawa ido. Yanzu an ba ni takardar komawa ɓangaren manya, an ce in fara ganin mai ba da shawara kan ƙwayoyin gado. Ga shi wani ya fito, magabatansa na shirin zuwa tambaya. Umma ta ce in ja bakina, haihuwa ta Allah ce. In je? In gaya masa?

Ƙanwarki daga Zariya

Ƙanwata, ki je, da fayil ɗinki, kuma wannan karon ke za ki yi tambaya, Umma ta saurara.

Yawanci mutum na da kuromosom 46, wato zaruruwan da ke ɗauke da bayanan gado a ƙwayoyin jiki, mace na da biyu a ciki da ake kira X. Mai Turner ɗaya X ɗin ne babu, ko bai cika ba. Wasu kuma a wasu ƙwayoyin jikinsu kaɗai abin yake, kuma a cikinsu ne aka fi samun masu ɗaukar ciki da kansu. Mafi yawa ba sa samu. Gwajin jinin da aka yi miki tun kina ƙarama zai nuna naki irin, sai a fassara miki shi. Ki sa a faɗa a gaban Umma cewa ba laifinta ba ne, don wani shirun iyaye kunya ce ke kawo shi.

Ni fa zuciyarki ta fi auren damuna. Turner na iya faɗaɗa babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, ciki kuma na ƙara mata nauyi. Dole a yi hotonta kafin ki yi tunanin ciki. Kada ki bar maganin istirojin, wato sinadarin jikin mace da aka ɗora ki a kai, don kin bar likitar yara, shi ke riƙe ƙashinki, ana shan sa har kusan shekara 50. Hawan jini, suga, tayiroyid (wani ƙullutu a wuya mai sarrafa sinadaran jiki) da jin kunne, a riƙa duba su.

Haihuwa ta Allah ce, gaskiyar Umma. Amma mutumin nan ki gaya masa kafin a sa rana, bayan kin fito daga wurin likita da bayanin da ya tabbata. In ya ji daga bakinki ya tsaya, ki kai shi ganin likita na gaba.

Antinki